Saƙon Ƙarfe Takwas da Rabi

Wayar ta yi ƙara da ƙarfe takwas da rabi, Abednego yana tsakiyar zuba siminti a injin bulo. Ya goge hannu a wando ya duba. Daga ƙanwarsa Fibi ne. Babu kalma ko ɗaya, sai alamar tambaya guda uku.

Ya san yaren. A waya ba a ganin fuska, ba a jin murya, shi ya sa Fibi ke jera su. Ɗaya tambaya ce kawai. Biyu, ta fara ɓata rai. Uku kuwa ta riƙe ƙugu a bakin ƙofa tana jira. Sai dai a da magana ce ke gaba, tana kiransa Hamma, wato yaya: "Hamma ka ci abinci???"

Wata bakwai ke nan da barinsa gida. Ranar da ya ce ya bar makaranta, babansa Boaz ya nuna masa ƙofa, ya ce kada wanda ya ƙara kiran sunansa a gidan. Abednego ya canja layin waya, ya tare a wurin buga bulo a bayan unguwar Malkohi. Fibi kaɗai ke da lambar. Takan laɓe a kicin ta rubuto masa, Mama na gefe tana tsinkar zogale, idan amsa ta zo ta karanta mata ƙasa-ƙasa.

Saƙonta na ƙarshe mai kalmomi cewa ta yi ranar Lahadi ita za ta ja waƙa a coci, ko da yake kanta na ta sara kwana biyu. "Za ka zo???" Ya ce zai zo. Ya je har kwanar layinsu a Damilu, ya hango babur ɗin babansa, ya juya.

Kwana goma sha ɗaya shiru. Sannan alamomin suka fara zuwa, kullum da safe, su kaɗai.

Ya rubuta mata: "Yi haƙuri, Fibi. Na zo har kwanar layinmu."

Washegari huɗu suka zo.

Ya kira, wayar ta yi ta ringi har ta tsinke. Ya aika saƙon murya, ba a buɗe ba. Sai ya shiga amsa tambayoyin da ba a yi masa ba. E, yana cin abinci. A'a, bai fara shaye-shaye ba. E, tsoro ne ya hana shi shiga. Ya gaya mata har abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, cewa ba lalaci ya fitar da shi daga makaranta ba, karatun ne ba ya zama masa a kai. Duk da haka alamomin ba su ragu ba.

Wata rana cajinsa ya ƙare, bai kunna ba sai la'asar. Ya tarar da layi uku cike da su, sun sunkuyar da kai a jere kamar mata a kan benci.

Jalo mai injin ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ce da Hausarsa ta Fulani: "Ƙanwanka yana fushi ne, aboki. Waya ba ya gyara fushi. Je da ƙafanka."

Ranar Alhamis ya shiga Keke Napep tun da sassafe. Ya tsaya a kwana sai da babansa ya fita ofis a kan babur, sannan ya tura ƙofar. Tsakar gida a share, babu rediyo, babu waƙa. Yana isa bakin kicin wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

Mama ce zaune a kan turmi, ta rame, wayar Fibi a hannunta, yatsanta ɗaya a kan gilashin.

"Mama, ina Fibi? Sau nawa na kira ta."

"Na gani. Idan na ɗauka muryata za ka ji, ka tambaye ni. Irin wannan magana ba a waya ake faɗa ba."

"To duk abin da na rubuta fa?"

Ta juya wayar a tafinta, ba ta ɗago ba.

"Ka san ban iya karatu ba, ɗana. Wannan mai lanƙwasar kawai na ga tana dannawa. Tun da muka dawo daga binne ta a ƙauye nake danna shi, idan wayar ta yi ƙara in san ɗayan yana nan da rai."