Adireshin Nafiou a Tromsø

Mato na ɗaure kwalayen takalma a wani sito na unguwar Al Qusais a Dubai, gumi na bin haɓarsa, sai maigidansa Alhaji Salmanu ya shigo da wata budurwa. 'Yar ƙanwarsa ce, Sadia, daga Kano. Ta samu gurbin karatun jinya a Norway, a wani gari mai suna Tromsø, ta tsaya Dubai kwana uku kafin ta wuce. Alhaji ya ce mata duk abin da take son sani ta tambayi Mato, don ya san Tromsø ɗin fiye da yadda ya san Damagaram, mahaifarsa.

Da Mato ya ji sunan garin, igiyar hannunsa ta suɓuce. Ya sunkuya ya ɗauka, ya daɗe bai ɗago ba.

A watan Agustan 2006 ne, zafin Dubai kamar a bakin murhu. A cikin wannan zafi suka zauna a kan kwalaye, yana ba ta labarin sanyi. Ya ce garin tsibiri ne can ƙuryar arewa, teku ta kewaye shi, doguwar gada ta haɗa shi da tudu. Daga ƙarshen Nuwamba rana za ta ɓuya sai tsakiyar Janairu, kada ta tsorata. In bazararsu ta zo kuma, sai ta ƙi faɗuwa sam. Musulmin can da yawa lokacin Makka suke bi a salla da azumi. Wani lokaci koren haske zai riƙa yawo a sama kamar ana kaɗa mayafi; ba aljanu ba ne, ikon Allah ne.

Sadia na rubutawa a ɗan littafinta. Ya kwatanta mata masallaci, da shagon wani Basomale kusa da tashar jiragen ruwa inda ake samun barkono da garin masara. Ta tambaye shi shekara nawa ya yi a can. Ya ce ɗansa Nafiou ne a garin, ɗa guda da Allah ya ba shi, aikin kamfanin busar da kifi ya kai shi. Daga nan ya miƙe, ya ce su je neman riga tun ba a rufe kasuwa ba.

A kasuwar 'yan Sin ta International City ya yi ta tattaɓa riguna yana ajiyewa, har ya samu mai kauri da hula a jiki. Ya zaɓar mata takalmi mai kaushin ƙasa, ya ce ƙanƙarar can ba ta da tausayi, in ta kama ƙasa ko da diga ba a iya haƙa ta sai an kawo inji.

Ta ce ya ba ta lambar wayar Nafiou. Ya ce babu. Ta ce to ko akwai saƙo, kilishi ko yaji, tana da sauran wuri a jaka. Ya girgiza kai.

Ran tafiyarta da hantsi ya raka ta filin jirgi. A can ya miƙa mata wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi. Sunan titi ne a jiki, da wasu lambobi.

“Ɗiyata, ki je da ƙafarki ki yi masa sallama. Amma ki je kafin ƙanƙara ta sauka, in ta rufe wurin ba za ki gane ba.”

Ta ce insha Allahu, Baba.

Sati ɗaya ya wuce, na biyu ya bi. Mato ya daina barin wayarsa a ɗaki. Abinci ya koma ɗanɗanawa kawai, abokan aikinsa suka ɗauka zazzaɓi ne. Duk ƙarar da ta tashi a sito sai ya dafa aljihu.

Ranar wata Juma'a, yana fitowa daga masallaci, wayar ta yi ƙara. Sadia ce, muryarta can ƙasa. Ta ce ta ga gadar, ta ga masallacin, komai yadda ya faɗa. Shagon Basomalen ne kawai aka ce mata an rufe shi shekara huɗu da suka wuce. Yau kuma ta bi adireshin, direban bas ya sauke ta daidai wurin. Yana jin numfashinta da kukan iska.

“Baba, na zo. Amma nan babu gidaje.”

Mato ya jingina da bangon masallaci, takalmansa a hannu, mutane na ratsa shi.

“Na sani, ɗiyata. Ni ban taɓa samun zuwa ba. Don Allah duba mini, sun rubuta sunansa daidai a kan dutsen kabarin?”