Takobin da Bai Taɓa Tsatsa Ba

Ranar Laraba da hantsi Wendell Haugen ya sauko da babban takobinsa daga bangon falo, sai ya ga ɓarna. Shafen nikel ɗin da ke sa ƙotar ƙyalli ya kumbura ya ɓare, jar tsatsa ta yi ɗigo-ɗigo har tsakiyar takobin.

Ba fa takobin yaƙi ba ne, na kwaikwayo ne, ko kabewa ba zai yanka ba. Amma shekara goma sha takwas Wendell yana hura hanci da shi a ƙungiyar masu tara takubba ta garin Duluth. Asabar ɗin nan ne baje kolin shekara, kuma takobin nan ake ɗorawa a babban tebur, a ƙarƙashin allon da Wendell ya rubuta da hannunsa: "Bai taɓa tsatsa ba."

A wurin Wendell, duk wanda takobinsa ya yi tsatsa, tarkace ya saya. Haka yake faɗa wa mutum a gaban idonsa, yana yatsina.

Gidan shiru. Wata huɗu ke nan da matarsa Marlys ta tattara kayanta ta koma wurin yayarta a Fargo, bayan ya ce a gaban baƙi, ana tsakar cin talo-talo, wai ba ta iya bambance takobi da wuƙar yanka burodi ba. Bai bi ta ba. Macen da rabin rayuwarta a ɗakin wanki take, hannuwa kullum a tsattsage, me za a yi kewa? Ko ba komai, tun da ta tafi cajar waya ta daina ɓata a gidan.

Ya duba sauran takubban. Goma sha ɗaya, duk sun fara ƙuraje. Ya tsine wa danshin tafkin garin, kamar bana aka haƙa shi.

Ya sa samfefa ya goge, sai tabon ya ƙara faɗi. Ya fesa fenti ruwan azurfa, takobin ya koma kamar bututun murhu. Ya kira wani shagon shafen ƙarfe a Minneapolis, suka ce sai nan da mako shida.

Ranar Alhamis sai ga wayar Duane, mutumin da Wendell ya fi kowa yi wa dariya a ƙungiyar.

"Mutumina, mun goge maka teburinka. Bana har 'yan jarida za su zo. Yaya sarkin takubba, yana nan garau?"

"Ka ji da gwangwanayenka," in ji Wendell, ya kashe wayar.

Saura hanya ɗaya, kuma ita ce ya fi tsana. A dandalin intanet na masu tara takubba akwai wani mai suna Tsohon Maƙeri. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, amma kowa ya san aikinsa: yana koya wa mutane mayar da shafen nikel a gida, da ruwan khal da gishiri da 'yar wutar lantarki irin ta cajar waya. Shekaru Wendell ya yi yana bin kowane rubutunsa da baƙar magana. Ya kira shi mai dafa takobi. Ya ce aikin matsiyata ne, masu sayen shara su zo suna mata kwalliya. Mutumin bai taɓa tanka masa ba.

Kunya ta ishi Wendell, amma dariyar Duane ta fi ta zafi. Ya buɗe sabon shafi da sunan ƙarya. Ya ɗauki hoton tabon kawai, ya yanke duk abin da zai nuna takobin wane ne. Ya rubuta cewa shi sabon shiga ne daga Ohio, takobin abokinsa ne ya lalace, don Allah a taimaka kafin Asabar. Har da "ranka ya daɗe" ya ƙara, yana cizon yatsa.

Minti goma ba a yi ba amsa ta shigo, a tsare, ba ko kalmar raini. A wanke fentin tas. A cire tsatsar har sai farin ƙarfe ya fito. A goge maiƙo, kada yatsa ya sake taɓa wurin. Matsalar ɗaya ce: haɗa ruwan shafen kan ɗauki lokaci kafin ya nuna, ga sayen nikel ɗin, ga Asabar ta ƙarato.

Wendell ya dafe kai. Shi ke nan, sai dai ya ƙirƙiro ciwon baya ya ƙi zuwa, Duane kuwa ya samu abin faɗa har ƙarshen rayuwarsa.

Sai wani saƙon ya biyo baya.

"Amma kai ba sai ka haɗa ba, Wendell. Sauka ɗakin ƙasa, akwai koriyar kwalba a bayan injin wanki, da ruwan cikinta nake gyara maka takobin duk bazara, kuma kada ka kuskura ka goge min shi da fararen tawul ɗina."