Ƙafar Mai Garuwa

Akwai wani a cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa, wanda jiya ya cika mana kunne da labarin ɗaurewar jijiya. Wai da tsakar dare naman ƙafarsa ya dunƙule kamar dutse, ya yi ihu har maƙwabta suka ji. Ya zayyana mana ciwon tiryan-tiryan, amma ko sau ɗaya bai ambaci wanda ya tashi ya kama masa ƙafar ba. To, butulu, gyara zama, ga misalinka.

An yi wani mai garuwa da ke tura kurar ruwa mai jarka goma sha biyu, daga famfon bakin kasuwa zuwa unguwar kan tudu, tun hantsi har la'asar sakaliya. Ka ji abin haushi: mutumin da ke shayar da unguwa guda, shi ba ya shan ruwa. In ya kurɓa daga jarka, masu saye su ce ba ta cika ba. In ya tsaya sha a famfo, wani ya shige masa layi. Haka zai wuni, gumi na tsiyaya har rigarsa ta yi farin gishiri, ga hawan tudu da yatsun ƙafa, dunduniya ba ta taɓa ƙasa. Jiki kuwa ba ya mantuwa. Abin da ka yi masa da rana, da dare yake ramawa. Matarsa ta san haka, ko da yake ba ta taɓa shiga aji ba. Kullum bayan magariba sai ta cika masa kwanon sha, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Bayan isha'i ta sa shi ya dafa bango da hannu biyu, ƙafa ɗaya a baya, dunduniya a ƙasa, har sai ya ji sha-raɓarsa, naman bayan ƙwaurin nan, ta miƙe. Sannan ta sassauta bargo ta wajen ƙafa don kada ya danne masa yatsu. Shi kuwa sai tsaki: "Ke dai ba kya barin mutum ya huta!" Ita kuma ta ce, "Sha dai, maigida." Ran da taurin kai ya hana shi shan ruwan da dafa bangon, jijiya ta ɗaure cikin dare, kafin ya ƙarasa wayyo ta farka, ta kama ƙafar ta yi abin da take yi, ta gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi, ya koma barci. Shekara goma sha tara ana haka, bai taɓa buɗe ido ya ga me take yi ba. Da safe babu sannu, babu na gode, sai "Ina kokona?"

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita kwana shida, ran na bakwai aka kai ta makwancinta. Kwanon sha ya zauna a kife, babu mai cika shi. Bayan an share makoki da mako uku, jijiya ta zo gaisuwa. Ya miƙa hannu gefen katifa ya kira ta, ɗaki ya yi shiru. Ya kama ƙafar da kansa, sai ya tarar bai san inda ake turawa ba. Ya miƙar da yatsu ƙasa, jijiya ta ƙara ƙullewa. Gari ya waye yana ɗingishi, kura a jingine, gidajen da yake kai wa ruwa suka fara kiran wani. Wanzami ya yi masa ƙaho. Wani mai dogon baki ya ce ai wani abu ya tsallaka a hanya. Shi mai garuwa ya shafa man zafi har fata ta saɓule, a banza. Sai wani dare azaba ta sa ya diro daga gado, ya faɗa jikin bango cikin duhu, dunduniya ta taka ƙasa, yatsu suka tanƙwaro sama, jijiya ta saki kamar an kwance igiya. Da ya kunna fitila, sai ya ga inda tafukansa suka sauka: wuri biyu a bangon, farar ƙasa ta goge, sun yi sulɓi saboda shekarun dafawa. A nan ya gane ashe sama take tura yatsun, wajen gwiwa, kuma abin da yake kira fitina shi ne maganin. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Yanzu yana shan ruwansa ko layi zai wuce shi, yana dafa bangonsa kafin ya kwanta, kuma kura ta koma kan tudu. Ƙafa ta sami sauƙi. Amma bango ba ya farkawa kafin ka ce wayyo, kuma bango ba ya cewa "Sha dai." Kowace magariba shi ke cika kwanon da hannunsa, ya shanye, ya ce "Na gode," ɗaki ya ƙi amsawa. Gaskiyar Hausawa da suka ce da na sani ƙeya ce, a baya take.

Kai da ka cika mana kunne jiya, wa ya kama maka ƙafa? Ka ce masa sannu da gari ya waye? In ƙarya nake maka, ga fili, tashi ka musa.