Muryar da Manhaja Ta Ware

Jan layi ne ya fito a fuskar kwamfutar, a inda bai kamata ya fito ba.

Auta ta goge tabarau, ta sake dubawa. Yana nan daram. Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a, tana haɗa karatun kwamfuta da ilimin harshe, karatun da Yayanta yake yi mata tsiya a kai, wai ta rasa wanda za ta koya wa magana sai inji.

Aikin kammalawarta wata manhaja ce mai sauraron mutum yana bayanin hoto. Tana auna inda ya tsaya, inda ya maimaita, inda kalma ta ɓace masa, sai ta faɗi ko akwai alamar ciwo a ƙwaƙwalwa. Da muryoyin marasa lafiya aka horar da ita. Yanzu ana gwada ta da na masu lafiya, su kuwa masu lafiyar a gida Auta ta samo su: Baba, Mama, Yaya, da ƙannen Mama.

Kore, kore, kore. Sai guda ɗaya ja wur, da rubutu a ƙarƙashi: a ga likita ba tare da jinkiri ba.

Ƙa'idar sashen ita ce ɗalibi ba ya jin muryar da yake aunawa, don kada son rai ya shiga aiki. Auta ta kafa makirufo a falo, ta gwada shi, ta naɗi muryar kowa, ta kwashe duk abin da ke cikin na'urar ta miƙa wa Malama mai duba aikinta. Malama ta cire sunaye ta sa lambobi. Auta lamba kawai take gani, sai awo.

Amma wa take bukata ya gaya mata? Baba ne.

Baba tela ne, kuma a watan jiya an tsinci almakashinsa a cikin firiji. Ya taɓa kiran Yaya da sunan marigayi ƙanin shi Baban, aka yi dariya aka wuce. Kaka ma da haka ya fara, ya ƙare yana tambayar 'ya'yan cikinsa ko su wane ne. Auta ta ga wannan da idonta tana yarinya, har yau kuma ba ta son tunawa. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske.

Ta bi manhajar layi-layi tana neman kuskure. Ba ta taɓa roƙon Allah Ya sa ta yi shirme ba sai ranar. Ina! Aikin tsaf yake. Kanta ya hau sarawa kamar yadda ya saba tun farkon zango, ta haɗiyi ƙwayar magani ta kama hanyar shagon Baba.

Baba yana kan keken ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuya. Ta zauna tana kallonsa yana zura zare a allura. Ya kuskure, ya sake.

"Baba, hoton da na nuna muku ranar nan, me matar take riƙe da shi? Wannan abin... na ruwan sama..."

"Lema? Ke da kika zo yi mini jarrabawa, ni zan ba ki amsa kuma na ba ki tambaya?" Ya yi dariya ya miƙo mata shayi. Kofin ya zame daga hannunta na dama ya jiƙa yadin mutane.

"Auta, karatun nan zai cinye ki. Je ki gida ki huta."

Huta? Da me? Ta kasa gaya wa Mama, ta kasa gaya wa Yaya. Duk maganar da Baba ya yi a gida sai ta kasa kunne tana jiran inda zai tsaya, kuma mutum ai dole ya tsaya.

Washegari ofishin Malama ta nufa kai tsaye.

"Malama, don Allah a buɗe mini lambar nan. Na san ƙa'ida, amma mahaifina ne. Idan akwai abin yi, gara tun yanzu."

Malama ta buɗe baki za ta ƙi, sai ta ga jan layin da awon da ke ƙarƙashinsa. Ta nemo asalin naɗin, ta sa abin sauraro a kunne.

Auta ta tsura wa fuskarta ido, tana shirya yadda za ta gaya wa Mama. Malama ta saurara, ta mayar baya, ta sake saurara. Sannan ta tashi ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa, ta riƙe hannun ɗalibarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba ne, ko?" in ji Auta.

"Babanki lafiyarsa ƙalau," in ji Malama a hankali, ta zare abin sauraron ta ƙara sauti.

Muryar da ta cika ofishin ta Auta ce, a gwajin makirufon da ta manta ba ta goge ba, tana bayanin hoton, tana tsayawa, tana lalube, ga kare a hoton amma ta kasa tuna kalmar "kare".