Maganin da Aka Ɗaure a Turke

Tunda ka ce za ka ajiye aikin don manya sun yi maka dariya, zauna ka ji wannan, Tanimu. Sau ɗaya zan faɗa.

An yi wani masanin haɗa sinadarai, yana aiki a ɗakin bincike a ƙarƙashin wani babban farfesa. Irin maganin da suke haɗawa sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, a jere kamar carbi, kowace ƙwaya da gurbinta. In ta uku ta zauna a gurbin ta huɗu, abin ya tashi daga magani. Yadda aka gada, a cikin ruwa ake haɗa su. A liƙa ƙwaya ɗaya, sai a tsaya a tace, a busar, a tsince datti, sannan a liƙa ta gaba. Kowace tacewa kuwa sai ta ci rabonta. A fara da cikin kwalba, kafin a kai ƙwaya ta tara abin da ya rage bai fi a lakata da ɗan yatsa ba, ga watanni sun tafi. Mutumin nan ya ce shi ya gaji da farautar abu a cikin ruwa. Ya ce ko mai tufkar igiya sai ya ɗaure bakinta a turke kafin ya fara murzawa. Ya samo wani garin roba, tsabarsa ba ta kai ta gero ba, ya ɗaure ƙwayar farko a jikin tsabar. Ya zuba ta biyu ta kama, ya kwarara ruwan sinadari ya ɗauraye. Duk abin da bai kama ba ya bi ruwa, sarƙa kuwa tana nan a ɗaure. A zuba, a wanke. A zuba, a wanke. Ba a kwance ta sai an gama.

Abokan aikinsa suka sa masa suna Ɗan Wanki. In ya shigo da safe sai wani ya miƙa masa riga, ya ce don Allah a sa mata bula. Shi kuwa sai ya wuce teburinsa. Shekara biyu yana kan abu ɗaya, kuma gaskiya sai a faɗe ta, abin bai yi ba. Duk sarƙar da ya kwance sai a tarar da giɓi kamar bakin tsoho, wata ta rasa ƙwaya ta huɗu, wata ta rasa ta bakwai. Wani baƙon masani da ya zo ziyara ya leƙa aikin, ya ce wanda ba ya tace abinsa a kowane mataki ba masani ba ne, ɗan caca ne. Farfesa ya ji kunyar baƙo. Ya kira mutumin ya ce ko dai ya koma hanyar da kowa yake bi, ko ya bar masa ɗakin da zarar kaka ta yi, teburinsa akwai masu so. Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, tebur naka ne. Amma daga nan zuwa kaka hannuna ne a kansa."

Bai roƙi kowa ba, bai kuma kai ƙara ko'ina ba. Ya ɗebi tsabar robar ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya zura mata ido. Ya gan ta a ƙanƙame kamar busasshen wake. Ashe abin da yake zubawa iyakarsa bayan tsaba, sarƙoƙin da ke can ciki ba sa samu, shi ya sa suke fitowa da giɓi. Ya shiga gwada ruwan sinadari iri-iri. Goma suka ƙi. Na goma sha ɗaya ya jiƙa tsabar a ciki, ta kumbura, ta buɗe. Gero ya riga ya fara nuna a gonaki. Ya kwashe kayansa daga lungun da yake, ya dasa su a tsakiyar ɗaki inda kowa zai gani, ya fara sabuwar sarƙa. Kwana tara, ƙwaya tara.

A rana ta goma ya ɗauki kwalbar ya ajiye a gaban farfesa, ya ce, "Kada a ce na yi maguɗi. Kai za ka kwance, kai za ka auna." Farfesa ya kwance da hannunsa. Ya gwada abin da ya fito da wanda mutanensa shida suka kwashe wata takwas suna haɗawa. Magani ɗaya ne, babu giɓi ko ɗaya, sai dai nasu bai rufe gindin cokali ba, na mutumin kuwa ya cika shi. Ya sake awo. Ya yi na uku. Masu dariya suka yi cirko-cirko. Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Can ya jawo kujera da kansa, ya zauna a gefen mutumin, ya ce, "Nuna mini daga farko."

To ka ji. Dariyar manya ba ma'auni ba ce. In aikinka ya ƙi, nemo inda ya ƙi, kada ka tsaya kallon bakin mutane. Tashi ka koma. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.