Amshin Waƙar Mai Ga-ruwa

Tunda ka ce waƙoƙinka suna nan a ɓoye, ba wanda zai ji su sai ranar da ka hau dandali, bari in ba ka misalin wani mai ga-ruwa da aka yi a wata unguwa. Mutumin nan ba gadon waƙa ya yi ba, a bakin famfo ya tsince ta. Idan layi ya yi tsawo sai ya kife jarka yana ƙwanƙwasa ta da yatsu, yana 'yan ƙunƙuni, har ƙunƙunin ya zama baiti. A haka ya samu wata 'yar waƙar shirme da yake tura kurarsa da ita don ta rage masa wahalar hawa. In ya yi sallama ya juye ruwa sai ya ce, "Randar gidan nan ba ta ƙoshi," matan gidan su amsa cikin tsokana, "Ƙaro, ƙaro, mai kura!" Shekara da shekaru ana haka gida-gida, shi kuwa ko kallon waƙa ba ya yi mata. Waƙarsa ta gaske, wadda yake ji da ita, tana can ƙunshe a ransa, ya daɗe yana sassaƙa ta. Ya taɓa jin labarin wani da aka sace wa waƙa aka kai situdiyo, tun daga ranar ya ɗinke bakinsa. In zai rera ta sai ya turo ƙofa ya yi ƙasa da murya, kai ka ce gulmar maƙwabci yake yi.

Ana nan sai wata dattijuwa da yake kai wa ruwa ta tashi aurar da autarta. Dangi suka ce a ɗauko masu kiɗan sifika, ita ta ce a'a, ta san muryar bawan Allahn nan, shi zai yi waƙa ranar yini. Aka yi mata dariya, wai ina aka taɓa jin ga-ruwa da waƙar biki. Ta ce ita ta tsaya masa, in ya ba da kunya a ɗora a kanta. Gogan naka ya ari babbar riga, ya samo mai kalangu. Mai kalangu ya nemi su gwada waƙar ko sau ɗaya ne, ga-ruwa ya ce babu, shi dai ya bi shi a baya. Rowa fa ta kai rowa.

Ranar yini bayan la'asar tsakar gida ta cika maƙil da mata, ga-ruwa ya miƙe ya ɗauko babbar waƙar. Gaskiya ɗaya ce, waƙa ta yi kyau. Amma da ya kai inda za a karɓa masa sai ya ji shiru, domin wa zai amsa abin da bai taɓa ji ba? Mai kalangu yana ta lalube, in ya bi ta nan waƙa ta bi ta can. Ga-ruwa ya ja baiti na biyu, shiru. Masu fifita suka ci gaba da fifitarsu, wasu suka koma hira. Ya hango dattijuwar nan ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, wata ƙanwarta na gefe tana murmushin "ai da ma mun faɗa". Tausayin baiwar Allahn nan ya fi kunyar kansa ci masa rai. Mutumin da ke shayar da unguwa guda, yau ga shi yawun bakinsa ya ƙafe, baiti na uku kuma ya gudu ya bar shi. Ya ja da baya, hannunsa ya faɗa kan wata jarka cikin waɗanda shi da kansa ya jero da safe don ruwan biki, an riga an juye ta. Yatsunsa ba su nemi shawararsa ba, suka hau ƙwanƙwasa irin ta kullum. Can wajen murhu wata tsohuwa na tuƙa tuwo, ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Ƙaro, ƙaro, mai kura!"

Dariya ta ɓarke. Ya runtse ido, ya ce a ransa wanda ya jiƙe ba ya tsoron ruwa, ya ɗaga murya: "Randar gidan nan ba ta ƙoshi!" Gida ya ɗauka gaba ɗaya, har masu leƙe ta katanga. Mai kalangu ya ga hanya ya miƙe. Nan take ga-ruwa ya sako sunan amarya, ya roƙa mata kada randar gidanta ta taɓa bushewa, aka rangaɗa guɗa. Dattijuwa ta ɗaure mayafi a ƙugu ta shiga fili, ta taka rawa har gaban ƙanwar tata. Sai a lokacin ya sauke ajiyar zuciya, irin wadda yake yi in ya kai kura ƙarshen hawa, ya ji daɗin da bai taɓa ji ba.

Washegari a bakin famfo ya kife jarka ya rera babbar waƙar da ƙarfi, mai sata ya sata. Kafin biki na gaba amshinta yana bakin kowa a unguwar. To ka ji, malam. Komai daɗin muryarka, waƙa sai da masu karɓa, shi ya sa Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.