Dodon Taurari Ya Sa Rawani

Muntaka ya tsuguna gaban Alhaji Ɗanjuma, mai gidan buga littattafai a Tarauni, ya miƙa masa littafin zanensa. Tun da aka gama yaƙin basasa yake ɗakinsa a Gyadi-Gyadi, yana sake zana jarumin sararin sama irin na littattafan Turawa. Don labarin ya zama namu, sai ya sa wa dodon da ke haɗiye taurari babbar riga da rawani.

Alhaji ya kai shafin ƙarshe, ya ɓata rai.

"Ba zan buga ba. Jarumin nan naka, yaro da kamfai a kan wando, ko hula babu, ya naushi dattijo yana cikin cin abinci?"

"Alhaji, ai duniyarmu zai cinye!"

"Ko ma me yake ci, Muntaka. Ba sai a bari ya wanke hannu ba?"